Zuwa Kano haihuwa daga Jidda: amsa ga mai cikin fari

Wata baiwar Allah da ke zaune a Jidda ta rubuto tana cewa: "Shekarata biyar a nan tare da maigidana, sai bana Allah ya ba ni juna biyu, yanzu cikin yana mako na 22. Mahaifiyata da ke Kano ta dage sai na je gida goyon ciki, in haihu a gabanta in yi wankan jego kamar yadda aka yi wa yayyena. Maigida bai hana ba, amma ya ce in bari sai cikin ya shiga wata tara, wato farkon Satumba, don kada in daɗe da barin gida. Ni kuma tsoron jirgi nake yi, domin na ji ana cewa yana zubar da ciki. Ina neman shawara."

'Yar'uwa, Allah ya inganta, ya raba ku lafiya. Na karanta wasiƙarki da kyau, kuma abin da na lura da shi shi ne jirgin da kika fi jin tsoro shi ne mafi sauƙi a cikin dukkan abin da kika ambata. Lokacin da maigida ya zaɓa ya fi jirgin hatsari, sannan wurin da za ki sauka da yanayin daminar da za ki tarar sun fi su duka buƙatar dogon tunani.

Game da jirgin, ki kwantar da hankalinki. Iskar da ke cikin jirgin fasinja daidai take da ta wurin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma jikin mace mai lafiya da na abin da ke cikinta suna jure wannan ba tare da matsala ba. Babu hujjar likitanci da ta nuna cewa hawa jirgi yana jawo ɓari ko fashewar faya ko naƙuda kafin lokaci ga mai cikin da yake lafiya. Yawancin ɓari yana faruwa ne a watanni ukun farko, ko an yi tafiya ko ba a yi ba, sai dai idan ya zo daidai da tafiya mutane su ɗora wa jirgi laifi. Ƙofar binciken da ake ratsawa a filin jirgin Sarki Abdul'aziz ko na Malam Aminu Kano ita ma ba ta cutar da ciki.

Sai dai wannan magana ta mai lafiyayyen ciki ce, kuma likitarki ce kaɗai za ta tabbatar miki ko kina cikinsu. Idan hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko kin ga jini kwanan nan, ko jininki ya hau har an samu sinadarin furotin a fitsari, ko kina da ƙarancin jini mai tsanani, ko kina da sikila kuma ta tashi ba da daɗewa ba, ko an ce bakin mahaifarki ya gajarta, to maganar tafiya ta ƙare, kuma ki gaya wa kowa cewa likita ce ta hana.

Shawarar maigida ta a bari sai wata tara kuwa, da kyakkyawar niyya ya kawo ta, amma ba za ta yiwu ba. Mu da watanni muke lissafin ciki, kamfanonin jirage kuma da makonni suke yi, kuma farkon Satumba zai same ki a wajen mako na 36. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai ciki da ta wuce mako na 36, idan tagwaye ne kuwa a mako na 32 suke tsayawa, wasu ma ƙa'idarsu ta fi haka tsauri. Daga mako na 28 da yawa daga cikinsu suna neman takardar likita mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa da shaidar cewa cikin lafiya yake, kuma sukan buƙaci a rubuta ta kwanaki kaɗan kafin tafiya. Ma'aikacin da ke kan tebur yana da ikon mayar da ke gida da jakunkunanki idan ya ga girman cikin kuma babu takarda. Idan kuma tafiyar ta yada zango ce a Alƙahira ko Addis Ababa, to kowane jirgin da za ki hau sai kin cika sharaɗinsa. Dalilin wannan tsanani a fili yake: daga mako na 37 naƙuda na iya tasowa kowace rana, kuma a sararin samaniya babu ɗakin tiyata, babu jinin da za a ƙara wa mace, babu kwalbar da za a sa jariri. Ko da an bar ki kin hau kin sauka lafiya, za ki isa Kano ne babu likitan da ya san ki, babu katin awo a kowane asibiti, ga haihuwa a bakin ƙofa. Lokacin da likitoci suka fi amincewa da shi don tafiya shi ne tsakanin mako na 14 da na 28, lokacin da laulayi ya lafa kuma ciki bai yi nauyi ba, wato inda kike yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi nazari sosai, domin shi ne wanda 'yan gida ba sa ɗauka da muhimmanci. Wanda ya tashi a Kano yana da wata juriya ga maleriya saboda sauro yana cizonsa kowace shekara, shi ya sa babba yakan kwanta kwana biyu ya sha magani ya miƙe. Amma wannan juriyar ba ta dawwama. Idan mutum ya bar inda cutar take sai ta riƙa raguwa, kuma shekara biyar a Jidda sun isa su rage taki ƙwarai. Ciki shi ma yana rage garkuwar jiki, cikin fari kuwa ya fi kowanne, domin ƙwayar cutar tana da ɗabi'ar taruwa a cikin mabiyiya inda jinin uwa ke ciyar da ɗa. Abin da hakan ke jawowa shi ne ƙarancin jini ga uwa, ƙaramin jariri, haihuwar bakwaini, wani lokaci ma mutuwar ɗa a ciki, kuma ga macen da juriyarta ta ragu zazzaɓin yakan yi tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu har ya taɓa huhu ko ƙwaƙwalwa. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a Kano cutar ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa Oktoba, daidai lokacin da kike sa ran haihuwa. Yayyenki da suka yi goyon ciki a gida ba su taɓa barin garin ba, don haka jikinsu da naki ba ɗaya ba ne, ko da nono ɗaya kuka sha.

Akwai kuma lissafin da ba shi da daɗin faɗa amma ɓoye shi ba adalci ba ne. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, matan da ke rasuwa saboda ciki da haihuwa sun haura 1,000 a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, yayin da a Saudiyya ba su kai 20 ba. Wannan adadi ya haɗa da ƙauyukan da ba su da asibiti, kuma mace da ke birnin Kano tana awo a babban asibiti ta fi su aminci nesa ba kusa ba. Duk da haka tazarar tana da faɗi, kuma ke kina da zaɓin da yawancin mata ba su da shi.

Saboda haka, ra'ayina shi ne ki haihu a Jidda, a kawo miki Hajiya. Abin da al'adar goyon ciki take nema shi ne mai cikin fari ta kasance a hannun mahaifiyarta, ta samu mai kula da ita da mai koya mata renon jariri, kuma wannan yana samuwa ko ke kika je ko ita ta zo. Mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, yana iya neman bizar ziyarar iyali ga iyayen matarsa, sai maigida ya fara bin hanyar tun yanzu domin takardu suna cin lokaci. Kuɗin da za a kashe a tikitinki da na asibitin Kano da takardun jariri zai iya ɗaukar nauyin zuwan nata. Kada ke ki kai mata maganar a waya kamar kina ƙin umarninta. Maigida ne ya kamata ya kira ta cikin ladabi, ko ya sa wani babba daga danginsa ya je har gida, ya ce likita ta nuna hatsarin tafiyar a damina, yana roƙon Hajiya ta yi musu alfarma ta zo ta riƙe 'yarta, ga Makka kuma kusa ta yi Umara. Da wuya uwa ta ƙi wannan. Bayan kin yi arba'in, damina ta wuce, jariri ya samu rigakafinsa na farko, sai ku tafi Kano tare a ga dangi.

Na san akwai gidajen da wannan ba zai yiwu ba, ko don lafiyar Hajiya, ko don bizar ba ta fito ba, ko don inshorar maigida ba ta ɗaukar nauyin haihuwa. Idan hakan ta kasance kuma tafiyar ta zama dole, to ki tashi tsakanin mako na 28 da na 32, kada ki wuce haka, kuma maigida ya yi haƙuri da daɗewar. Kafin ki tashi ki karɓi cikakken bayanin awonki a rubuce da Turanci, domin likitan Kano ba lalle ne ya karanta Larabci ba: hotunan ciki da ranakunsu, rukunin jininki, yawan jinin, gwajin sukari, gwajin sikila, allurar tetanus da aka yi miki, da sunan duk maganin da kike sha. Idan jininki mai alamar ragi ne, wato wanda ake ce wa negetif, ki tambayi likita game da allurar anti-D, mai hana jikinki yaƙar jinin jariri, da ake yi wajen mako na 28, gara a yi miki ita a nan kafin ki tafi. Ki sa wani daga gida ya zaɓa miki asibiti tun kafin ki iso, wanda ke da likitan mata dare da rana, da ɗakin tiyata, da wurin ajiyar jini, da sashen jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala ko wani mai zaman kansa da ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ki yanki kati a makon farkon isarki. A can an saba neman dangi su ba da jini idan buƙata ta taso, don haka a san mutum biyu da jininsu ya dace da naki tun da wuri. Zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran a je neman mutum a unguwa. Inshorar da ake yi wa ma'aikata a Saudiyya yawanci a cikin ƙasar take aiki, sai maigida ya karanta tasa, ya kuma ware kuɗin tiyata a gefe ko da ba a yi amfani da su ba.

Maganar rigakafin maleriya ki yi ta da likita aƙalla wata guda kafin tafiya. Akwai maganin da matafiya ke sha mai suna doxycycline, wannan an hana mai ciki shan sa, haka ma primaquine. Chloroquine kuwa ya daɗe da daina aiki a kan maleriyar Najeriya. Wanda likitoci suka fi bai wa mai ciki matafiyiya shi ne mefloquine, ƙwaya ɗaya a mako, a fara mako biyu ko uku kafin tashi, amma ba a bai wa mai farfaɗiya ko mai tarihin ciwon damuwa. A asibitocin Najeriya kuma ana bai wa masu awo Fansidar sau ɗaya a wata daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki nuna wa likitan Kano abin da aka ba ki a Jidda ya yanke wanda za ki ci gaba da shi, kada ki haɗa su da kanki. Babu maganin da ke karewa ɗari bisa ɗari, saboda haka gidan sauro mai magani wajibi ne kowane dare ko da ana zafi, da man shafawa mai sinadarin DEET wanda bai wuce kashi 50 ba, wanda aka tabbatar ba ya cutar da ciki, da rage hirar tsakar gida bayan magariba. Duk ranar da kika ji zazzaɓi ki je a gwada jininki a ranar, kada ki aika yaro kemis, kada kuma ki bari a ce miki ai zazzaɓin baƙunta ne.

Ki duba katinki mai ruwan ɗorawa na allurar cutar shawara, domin ana tambayar sa a shiga Najeriya da kuma dawowa. Tun shekarar 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba a buƙatar sabuntawa. Amma ki tuna da gaskiya ko an tsira miki allurar, domin ba sirri ba ne cewa wasu matafiya katin kawai ake kawo musu. Idan ba a yi miki ba, ki gaya wa likita a fili, saboda allurar tana ɗauke da rayayyiyar ƙwayar cuta da aka raunana kuma ba a cika yi wa mai ciki ita ba sai an auna hatsarin, wannan ma kuma wani dalili ne na ɗage tafiyar.

A cikin jirgin, abin da ake gudu shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, zama wuri ɗaya fiye da awa huɗu yana ƙara hakan, kuma tafiyar Jidda zuwa Kano kai tsaye ta kusa awa biyar, ban da zaman jira a filin jirgi. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina takawa kowane rabin awa ko awa guda idan an ba da dama, kina jujjuya ƙafafunki idan kina zaune, ki sa safar matse ƙafa ta asibiti wadda aka auna miki, ki sha ruwa sosai kada ki rage don gudun zuwa bayi. Idan kina da ƙiba sosai ko an taɓa samun daskarewar jini a jikinki ko a danginku, likita na iya rubuta miki allurar heparin mai hana daskarewar jini. Bel ɗin kujera a ƙasan ciki ake ɗaura shi, a kan ƙugu, kuma ki bar shi a ɗaure duk lokacin da kike zaune. Haka ma a mota. Magungunanki da takardunki su kasance a jakar hannu. Kada ki yi tafiyar ke kaɗai, kuma tsarabar dabino da jallabiyoyi da turare da aka san mutanen Jidda da ita, wani ne zai ɗaga ta, ba ke ba.

Idan kin isa, ruwan sha ya zama tafasasshe ko na gora mai hatimi, ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba ki bar ta. Bayan taifod da kwalara da ke yawaita a damina, akwai ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, wanda yake da sauƙi ga yawancin mutane amma yana kisa ga mace mai tsohon ciki. Nonon da ba a tafasa ba, da tsiren da bai gasu ba, da kwaɗon ganye na talla, duk ki haƙura da su duk da na san kwaɗayinsu na cikin abin da ke ja ki gida. Idan gudawa ta kama ki, ki fara da ruwan gishiri da sukari ki je asibiti. Don ciwon kai ko na jiki parasitamol ne naki, ibuprofen da diclofenac ba na mai cikin da ya wuce mako 20 ba ne. Jiƙe-jiƙe da rubutun da aka haɗa da saiwoyi da za a kawo miki don sauƙin naƙuda, ki karɓa da godiya ki ajiye, domin wasunsu suna matsa mahaifa fiye da ƙima. Abubuwan da ba a kwana da su a gida, a Kano ne ko a Jidda, su ne ganin jini, zubar ruwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, raguwar motsin ɗa, kumburi da ciwo a sharaɓar ƙafa ɗaya, da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. A nan Saudiyya lambar motar asibiti 997 ce, ta neman shawarar Ma'aikatar Lafiya kuma 937.

Tun da wankan jego na cikin abin da Hajiya ke so, ina ganin ya dace ki sani cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Wanka da ruwa mai ɗumi da hutu da abinci mai kyau babu laifi. Amma idan jininki ya hau a lokacin ciki, ko aka yi miki tiyata, ko kika fara haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa, a ajiye kanwar da tafasasshen ruwan a nemi likita. Ki yi wannan maganar da Hajiya tun kafin haihuwa, lokacin da hankali ke kwance.

Saura maganar dawowa, wadda mutane ke mantawa da ita sai sun maƙale. Maigida ya tabbatar iƙamarki ba za ta ƙare kina can ba, kuma bizar fita da dawowa ta isa ta rufe watannin ciki da arba'in da jiran takardu, wanda zai iya kai wata biyar ko shida. Ana iya tsawaita ta ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, amma da ƙarin kuɗi. Jaririn da aka haifa a Kano sai an yi masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da fasfo nasa na kansa, sannan a nemi izinin shigarsa Saudiyya, don haka maigida ya je Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, ya ji sharuɗɗan da bakinsu tun kafin a sayi tikiti, ya kuma bar miki takardar amincewarsa da kwafin fasfonsa da na iƙamarsa. Ki nuna masa wannan amsa a wannan makon, ku je awo na gaba tare domin ya ji bayanin likita da kunnensa, sannan a kira Hajiya. Allah ya sauke ki lafiya.